Irin Gida

Kwamfutar nan ta girmi autata Lantana.
Yayana Barau ya bar mini ita da ya bar duniya,
da jaka mai yagaggen baki, da caja mai ɗaurin roba.
Cikinta nake tsare lissafin ƙungiya:
buhun riɗi nawa, wa ya biya, wa ya ce sai kaka.

Bara ta fara nawa.
In na kunna ta bayan la'asar
sai in ba awaki dusa, in dawo,
tana nan tana juya ɗan zobenta
kamar tsohon da sunan jikansa ya ɓace masa.
Ga wani rubutu a kusurwa, dare da rana,
wai manhajar ba ta halal ba ce, in sayi lasisi.
Ni da ban taɓa ɗaukar zangarniyar wani ba,
na'ura na kira na ɓarawo a ɗakina.

Mai gyara a kasuwar Gujungu ya taɓe baki:
"Baba, jakin ya gaji, sabon kaya ya fi ƙarfinsa."
Kuɗin sabuwa da ya faɗa, na dawo gida ban ci tuwo ba.

Sai Sahura 'yar ƙanwata ta zo hutu daga Dutse
da filashi ƙulle a bakin mayafi.
"Kawu, mu sa mata Linuks. Kyauta ce."
Na ce banza ba ta kai zomo kasuwa.
Ta ce, "Gayya ce, Kawu.
Mutane daga garuruwan da ba mu san sunansu ba,
kowa da fartanyarsa,
wanda ya ga ciyawa ya cire,
rumbun kuma ba a sa masa kwaɗo ba."

Na ce to, amma hotunan Barau tukuna,
da muryarsa ranar sunan Lantana yana tsokanar wanzami.
Ta kwafe. Na ce ta sake. Ta sake.

Daren nan batirin sola saura ɗigo biyu.
Fuskar ta yi baƙi ƙirin,
fararen rubutu na gudu kamar tururuwa ta ji ruwa.
Ban san me na karanta ba, amma bakina bai tsaya ba.
Batirin ya riƙe.

Da safe ta farka kafin kunu ya huce.

Kada in yi ƙarya, kwana uku ina jin haushi.
Kamar ka shiga ɗakinka ka tarar an share,
an sauya wa buta wuri, an rataye hula a wani ƙusa.
Firinta ma ta yi gardama.
Sahura ta aika tambaya can inda ake aikawa,
wani ya amsa tsakar dare, layi biyu, ko kwabo bai nema ba.
Ban san yarensa ba, ban san inda yake fuskanta ba.
Na dai ce Allah ya sa ya gama da iyayensa lafiya.

Yanzu haruffa na fitowa da ƙugiyarsu.
In na rubuta baƙi, baƙi ne, ba baki ba.
Ɗanjuma ya ga sunansa a rasit ya tsaya yana kallo.

Jiya hedimasta Isiyaku ya yi sallama,
tasu ta makaranta ma ta fara juya zobe.
Na ciro filashin daga ƙusa, gefen damin iri,
na miƙa masa yadda mahaifina ke miƙa ƙwaryar gero
in damina ta kawo kai:
in ya yi kyau, ka ba na gaba.

Kusurwar nan yanzu fes, babu mai zargina.
Lissafi na nan daidai.
Maikuɗi ne dai har yau bai biya ba,
wannan kuwa Sahura ta ce ba ta da manhajarsa.