Kalma Biyar a Suwame

Shekara arba'in da bakwai
Hausa da Tuwi sun ishe ni cin abinci,
sai ranar da Burema, direban Wagadugu,
ya dafa batir ya taya: katar-ban-dis.
Huɗu kawai kunnena ya kama.
Na ce albarka.
Ya ɗaga kafaɗa, ya shiga shagon maƙwabcina.

Da la'asar Kwaku, yaron shagona, ya ce:
Maigida, dubu casa'in fa ya taya, na sefa.
Ashirin huɗu da goma, wai haka suke ƙirga.
Wane irin mutane ne ke zuwa casa'in ta bayan gida?
Daren nan tuwon Azumi bai wuce mini ba.

Ban da lokacin aji. Wa zai riƙe mini sufana?
Sai na yanka wa kaina ƙa'ida ƙarama
wadda ko gajiya za ta ji kunyar hana ni:
kalma biyar, bayan sallar asuba,
kafin kokon ya huce,
a bayan littafin rasit.

Daga Abuwabo zuwa Suwame, cikin turoturo,
waya a kunne, ina maimaita abin da wata mata ke faɗa.
Hanci ake sa wa aiki a harshen nan.
Wata tsohuwa ta dube ni, ta miƙo mini maganin mura.

Na sayi alli.
Ƙofar shago ta zama allo:
firan shi ne birki, kile mabuɗi,
wil man inji, zwan gasket, panu taya.
Ruwan Kumasi ya wanke, na sake rubutawa.
Ashe alheri ruwan yake mini,
abin da hannu ya rubuta sau uku ba ya ɓata da wuri.

Akwai abin da har yau ban yafe musu ba.
Rana, da muka sani mace tun kakanni,
a wurinsu namiji ce.
Wata kuwa sun ɗaura masa zane.
Batir ma, da nake ɗauka da ƙyar, wai mace.
Azumi ta ce: to, ai shi ya sa mota ba ta tashi sai da ita.

Sannan damina ta zo da ciwon Azumi.
Mako uku ina kan bencin asibiti,
ban buɗe littafi ba, ban ko tuna ba.
Da na dawo na kira kalmomin,
rabi ba su amsa ba.
Na zauna a kan tsohuwar taya, na gane:
abin da nake gaya wa direbobi ne kullum,
batirin da aka jingine, da kansa yake sauka.
Ba tsufa ne ya ci ni ba, ajiya ce.

Na koma biyar. Wata rana uku.
Ranar Juma'a bita kawai.
In motar Bamako ta tsaya, ni ke fara gaisuwa,
in yi kure, su yi dariya, su gyara,
in ba su ruwan sanyi ladan malanta.

Bayan wata tara sai ga Burema,
gasket ya ƙone masa a hanyar Teciman.
Na ce: bonjur, sa ba? Da gajiya?
Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi ƙofar.
Muka yi ciniki ba tafinta.
Da ya ce swasan-kenz, na ƙirga a zuci,
sittin da sha biyar, na ce bai saya ba.
Ya yi dariya har hularsa ta faɗi,
ya ce Faransancina na warin baƙin mai.
Ya biya.

Yau an yi aiki har bayan isha'i.
Yatsuna sun ƙi riƙe biro.
Biyu na samu: deman, wato gobe,
da ankor, wato kuma.
Na rubuta su a karkace, na kashe fitila.