Haruffa Ashirin da Biyu

Da sassafe nake barin Matosinhos,
ƙarnin sardin yana bina har cikin Porto.
A ɗakin gwaji firiza tana gurnani,
cikinta jinin tsofaffi ɗari biyu da goma,
kowa da lambarsa, ba mai suna.
Sittin da bakwai ubana ne.
Bai kamata in sani ba,
ranar haihuwarsa ce ta tona.

Abin da nake farauta bai kai a kira shi abu ba.
Maikro-RNA:
guntun zare, haruffa ashirin da biyu ko kusa da haka.
Ba ya gina komai.
Nasa dai ya tare ɗan aike a hanya,
ya dafa bakin saƙo, ya ce ya isa.
Ashe da irin wannan tsawa ƙwaƙwalwa ke zama lafiya.
In masu tsawar suka yi ƙaranci
furotin ya yi ta taruwa kamar datti a bakin kwata,
in wasu suka yi yawa
a toshe bakin wanda ya kamata ya yi magana.

Shekara arba'in Abílio yana ɗinkin taru a bakin teku.
Yakan ce babbar ɓaraka ba ta kashe taru,
kowa na ganinta.
Ƙulli ɗaya ne ke saki cikin dare,
sai an jawo a ga ba kifi.

Yau layin mai lamba ɗari da talatin da biyu
ya kwanta ƙasa a kan allo.
Na kira Dokta Valadares.
Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.
Ta ce, kada ki yi gaggawa, Graciete,
ba mu san ko ɓarawon ne wannan ba,
ko sawunsa,
ko mai gadin da aka ɗaure.
Na ce, a jikin ɓeraye fa?
Ta ce, ɓera bai taɓa manta sunan 'yarsa ba,
ko ya manta, bai faɗa mana ba.

Alzaima, haka takardar asibiti ta ce.
Maƙwabta kuwa cewa suke teku ta tafi da shi
alhali ga shi zaune a kujera.

Da dare na same shi gaban miyar da ta huce.
Ya kira ni Deolinda,
ƙanwarsa da aka binne tun ban iya tafiya ba.
Na amsa. Na daina gyara masa tun bara.
Ya tambaye ni ko jiragen sun dawo.
Na ce sun dawo, Baba, shaƙe da kifi.

Hannunsa kuwa ba su ji labarin cutar ba.
Sun kama gezar mayafin tebur
suna ƙullawa, ƙulli bayan ƙulli,
irin wanda ruwa ba ya kwancewa.
Na tsinci kaina ina ƙirgawa, halin aiki.
Goma sha bakwai, goma sha takwas, goma sha tara.
Sai ya tsaya, ya dube ni,
ya miƙo mini bakin zaren
ya ce, riƙe nan, kada ki saki.