Gawon Nomau

Da la'asar na gangara Gulbi ta bayan Bagalam.
Hadari ya haɗo daga gabas,
rana kuwa ta ƙi tafiya, ta kwanta bisa yashi.
Gawo ɗaya tsaye, tsirara da damina kamar yadda ya saba.
Na danna sau uku.

Da dare wuta ta dawo, na zauna gaban na'ura.
Na zare kore daga gero,
na tatse ja daga gaɓa,
baƙi da fari suka rage suna hararar juna.
Na ƙara wa gajimare duhu har ya koma gindin tukunya,
na wanke yashi ya zama nono a ƙwarya.
Rassan gawo suka fito,
tsagen Gobirawa a kumatun sama.

Da safe na kai wa Nomau, mai gonar.
Ya juya takardar, ya matso da ita kusa da ido.
"Wa ya ƙone mini gona?
Ni fa ina nan gindin itacen, da fartanyata."

Na koma, na sassauta hannu,
na bar ruwan toka ya shigo kaɗan-kaɗan.
Ga shi nan duƙe,
inda baƙina ya haɗiye shi.