Ke Fa?

Harsuna huɗu nake yi wa hidima a gidan nan,
murhu mai kai biyu, ni kaɗai a gabansa.
Sabri, maigidana, in babu hamsi a faranti,
ƙananan kifin nan da teku ke amayarwa lokacin sanyi,
sai ya ce yau azumi aka sa shi.
Surukata Gulizar haƙoranta uku suka rage,
amma dukansu alƙalai ne:
gishiri ya zarce, man shanu ya yi rowa,
kabejin nan ko gaisawa bai yi da wuta ba.
Ilkay ta saki nama tun da ta shiga jami'a.
Yashar, autana, tsince albasa yake
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai cire ƙaya,
ya jera ta a gefen faranti.

Ni a tsaye nake ci.
Ƙanzon tukunya, wutsiyar kifi, albasar Yashar,
da shayin da ya huce tun ina yanka burodi.

Lahadin nan ruwa ya kwana, ya wuni,
kamar yadda ya saba mana a Trabzon.
Gas ya ƙare, mai kawowa ya ƙi ɗaga waya.
Sabri ya shafa aljihu sau biyu,
ya ce kowa ya nemi takalminsa.

Gidan abincin a bakin teku yake,
tagoginsa duk sun yi gumi.
Ga kujerar jarirai mai dogayen ƙafafu,
ga lungun da yara ke ɓata takarda da launi,
ga kyanwa tana barci a kan buhun gawayi.
Yaron da ke hidima ya iso,
biro a bayan kunne.
Kafin kowa ya motsa leɓe na fara karanto masa:
wannan hamsi, a turbuɗe shi a garin masara, kada ya ƙone;
tsohuwa kuymak, cukun ya narke har ya yi zare;
yarinyar miyar wake, ka rantse babu romon ƙashi;
ƙaramin a gasa masa pide,
albasa ko ƙamshinta kada ya gifta.

Ya rubuta, ya rubuta,
sai ya ɗago kai.
Ke fa?

Na dubi takardar, sunaye sun fi arba'in,
kowanne na san mai sonsa da mai ƙinsa.
Shekara ashirin da biyu ludayi na hannuna,
ban san inda na ajiye harshe na biyar ba.

Mama komai ci take, in ji Yashar.
A kawo mata irin nawa, in ji Sabri.
Ilkay ce kaɗai ta yi shiru tana kallona.

Can sai ga wata bukka a kan tsauni,
gajimare yana shigowa ta ƙofa ba sallama,
mahaifiyata ta tsamo koren wake daga ruwan tsami,
ta watsa shi cikin man shanu mai tafasa
da albasa, albasa kamar za ta ƙare a duniya,
ni kuma ina zaune. A zaune!
Ƙafafuna ba sa ko taɓa ƙasa.

Na ce, kuna soya waken tsami?
Ya ce ba ya cikin takarda,
amma kakarsa ce a madafa, zai roƙe ta.

Ya zo yana tururi, da burodin masara.
Gulizar ta ɗanɗana kuymak ɗinta
ta yanke hukunci: nawa ya fi.
Wannan magana shekara ashirin da biyu ina jiranta,
amma bakina a cike yake, ban amsa ba.

Sai ga cokalin Yashar yana rarrafowa ta kan tebur,
shi da ba ya ga maciji da albasa.
Na kare farantin da hannu.
Yaro, na ce, ka ci naka.
Wannan mai shi tana nan.