Abin da Ya Tsiro Ƙarƙashin Ɗankwali

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaura ɗankwali
har bakin gira.
Matan Aboabo suka ce, Fulera ta kama addini.
Na bar su a haka.
Wani lokaci kunya kan ci ladan da ba nata ba.

Gaban goshi ne ya fara tafiya,
ba sallama,
kamar ɗan haya da ake binsa kuɗin wata uku.
Sai gefen kunne. Sai tsakar kai.
Kullum da safe mataji ya ci rabonsa,
in dunƙule abin da ya ciro, in binne a gindin lalle,
don kakata ta ce kada tsuntsu ya kai shi sheƙa.

Ga abin dariya: ni ce mai kitson layinmu.
Amare daga Asawase har Sawaba
a tsakanin gwiwoyina suke zama,
in ja, in tamke, har idonsu ya ɗage,
su ce hannuna akwai zafi amma akwai kyau.
Haka na yi wa nawa kan tun ina budurwa.

Me ban shafa ba?
Ruwan albasa, har mijina ya koma kwana bakin ƙofa.
Wata kwalba da wani mai baki ya tallata a motar Kejetia,
sidi arba'in, da hoton mace mai gashi har gadon baya.
Ƙuraje kawai ta ba ni.

A asibiti, wata likita, Afrakoma,
ta ce in kwance ɗankwalin.
Na dubi ƙofa. Ta tashi ta rufe.
Ta bi fatar da yatsa, a hankali,
kamar manomi a gonar da aka daɗe da bari.
Da Hausarta mai ɗingishi ta ce,
jininki ya yi ƙasa, kan nan kuma ya gaji da ja.
Nan zai iya dawowa. Nan kuma ya tafi,
ba zan yi miki ƙarya ba.
Ban taɓa jin daɗin mugun labari irin na ranar ba.

Ƙwaya da safe. Ganye a miya, hanta idan an yi ciniki.
Man kaɗe da dare.
Wata ɗaya, madubi bai ce komai ba.
Wata uku, na juya fuskarsa bango.
Damina ta zo, ta cika kwalbatin layi, ta wuce.

Wani dare an ɗauke wuta,
Lariba na shafa mini mai da fitilar waya a baki.
Sai hannunta ya tsaya.
Ta cire wayar ta ce, Mma, kar ki motsa.
Ta kama yatsana ta ɗora a wurin.

Laushi.
Kamar bayan ɗan tsako kwana biyu da ƙyanƙyasa.
Ban yi guɗa ba. Na ji tsoro
kada ƙara ta kore shi.

Da gari ya waye na juyo da madubin.
Rabinsa fari ne.
Da baƙi ya tafi, da furfura ya dawo,
kamar ɗan'uwan da ya daɗe a ci-rani.
Na ce, shigo haka nan, ba a tambayar baƙo ina ya tsufa.

Gefen hagu har yau fili ne.
Na daina yi masa magana.

Jiya wata yarinya ta zauna gabana,
bikin yayarta jibi, ta ce, Mma Fulera, ja sosai, ya yi wata guda.
Na ture ɗankwalina baya,
faɗin yatsa biyu.
Ta duba. Ta daɗe tana dubawa.
Iska ta taɓa wurin da ta manta da shi.
Na tsaga layin farko,
na sassauta hannu.