Bango Mai Ƙafa

Sun ba ni fili a bayan Tudun Wada,
rabinsa dutse, rabinsa ciyawa,
suka ce, "Injiniya Kande, zana mana ma'aikata
wadda mai wucewa zai gani ya rage gudu."
Na ce to. Na naɗe takardata,
na hau dutsen na zauna
har sanyin la'asar ya fara cizon kunnuwa.

Ubana masinja ne, shekara talatin da ɗaya
a tsohuwar sakatariya mai dogon baranda.
Benci ɗaya, bakin ƙofa ɗaya,
fayil a hammata, tari a ƙirji.
Ɗakin da hantsi ke shiga na Darakta ne,
Darakta kuwa yana Abuja wajen taro.
Bencin nan hannuna ya fara zanawa.
Na sa roba na goge shi
har takardar ta kusa hujewa.

Mai girma ya so gilashi daga ƙasa har sama,
shuɗi, irin wanda ya gano a tafiya.
Na ce, ranka ya daɗe, nan fa Jos ce,
ƙanƙarar farkon damina ba ta jin kunyar baƙo.
A bar dutsen inda Allah ya ajiye shi,
kada a sa masa nakiya.
Gini ne ya zo ya tarar da shi,
gini zai rusuna ya gaida mai gida,
ya kewaye shi yadda turbar awaki ke kewayewa.

Launin bango daga tsibin ƙasar kuza,
jan da kakannin wasu suka ɗauka a kwano.
Shinge, ƙyarana.
Rufi ya tare ruwan Agusta, ya tare rana,
don in wuta ta tafi aiki ya ƙi bin ta.

A ciki na yi wa bango ƙafa.
Litinin ya matsa, mutum arba'in su yi taro,
Talata ya dawo, mutum biyu su yi lissafi.
Chundung ta sashen albashi
kwana biyu za ta yi aiki daga Bukuru,
kusa da gadon uwarta;
teburin da ta bari ba zai yi zaman takaba ba,
Nanpon zai hau shi da ƙullin gyaɗarsa.
Wanda ya zo da asuba ya tafi da azahar.
Ɗaki guda na shiru, da tabarma da kujera,
ban rubuta komai a kan ƙofarsa ba.

Ranar da na baje zanen gaban ma'aikata,
Baba Dalyop, babban akawu,
saura wata tara ya ajiye aiki,
ya bi layukan da ɗan yatsa, ya bi, ya dawo.
"'Yata, ina nawa?"
Na ce, Baba, ko'ina naka ne.
Ya ce, "Ko'ina ba wuri ba ne.
In babu teburin da ya san gwiwar hannuna,
wa zai shaida na zo?"
Duk turancin makaranta ya maƙale mini a wuya.

Da dare aka ɗauke wuta.
Na kunna fitilar waya, na ɗaga takarda,
sai ga sawun bencin da na goge
yana nan, kamar tabon sha-tara.

Na mayar da shi.
Amma na juya fuskarsa gabas,
na jingina bayansa da dutsen
da ke yini yana shan rana, ya kwana yana bayarwa.
Na ƙara masa tsawo:
ya ɗauki akawu, ya ɗauki mai shara,
da tsohuwar da ta zo bin fanshon mijinta,
da Darakta ma, in ya dawo daga taro
ya ji sanyi.

Kwamiti bai zauna kan kuɗin ba tukuna.
Jiya na koma filin.
Wani ƙadangare na kwance daidai wurin,
yana gyaɗa kai.