Nauyin Jakar da Babu Komai a Cikinta

Kasuwar Sabon Gari, layin 'yan gwanjo,
hantsi ya dubi ludayi, rana ta fara cizo.
Barau ya kwance dila, jakunkuna suka zube
kamar kifin Galma a kan tabarma,
kowace baki buɗe, tana jiran kaya.

Na ce masa kwana huɗu za mu yi a ƙasa,
ni da Jatau da ƙanwarsa Talatu,
daga gindin Kufena mu miƙa yamma,
inda dare ya riske mu, nan ne masauki.
Ya ce, "Malam, motar ce ta lalace,
ko alwashi ka ɗauka?"
Har maƙwabcinsa ya taya shi dariya.

Ya miƙo wata ja mai aljihu goma sha uku,
zif a kan zif, ƙarafa a gadon bayanta,
irin wadda in ka goya, yara za su bi ka da kallo.
Na ɗaga ta da yatsu biyu, yatsun suka ƙi.
Wayam take, amma ta fara cin kafaɗa
tun kafin a soma tafiya.

Na aro sikelin mahaucin da ke kusa,
muka rataya ta a ƙugiya kamar cinyar rago.
Kilo biyu da rabi.
Garin rogo da ƙuli ke nan na kwana uku,
ko ruwan da zan nema in rasa
tsakanin rijiya da rijiya.

Bara na karanci wannan a jikina.
Na ɗauki tukunya, takalma biyu, bargo mai gashi,
da littafin da ban buɗe ko bangonsa ba.
Rana ta biyu, ƙarƙashin wata ɗorawa,
na tuɓe riga, Jatau ya ga shatin jini,
ya ce kamar an daddaule ni da igiya.

Can ƙasan dila na hango wata toka-toka,
a lanƙwame, ba kwarjini,
ƙyallenta siriri kamar ɓawon albasa.
Giram ɗari bakwai.
Barau ya taɓe baki: "Wannan ai ta 'yan makaranta ce."
Na ja ɗinkin ta ko'ina, bai yi ƙara ba.
Na tsiyaya mata ruwan leda,
ya gangare kamar a kan ganyen gwaza.
Na aro doya uku na zuba a ciki,
na taka har ƙarshen layi in ji gaskiya.

A nan wata mai awara, Hajo, da jariri a bayanta,
ta ɗago daga kasko ta ce,
"Kai, ja maɗaurin ƙasan nan.
Wa ya ce maka da kafaɗa ake goyo?
Ƙugu ke ɗauka.
Da kafaɗa ce, da ba uwar da ta taɓa isa kasuwa."
Na ja, na ɗaure.
Doyar ta sauka daga wuyana ta zauna inda ta ce.
Shekara arba'in da biyu da digiri,
na tsaya gaban kasko ina jin kunya.

Da dare a Hanwa na baje komai a ƙasa.
Jakar ta karɓi rabi, ta ce ta ƙoshi.
Bargo ya koma gado, mayafi ya maye gurbinsa.
Riga ɗaya a jiki, ɗaya a ciki.
Aswaki, gishiri, ashana a cikin leda,
allura da zare, maganin gwiwa.
Littafin ya koma kanta, ban ba shi haƙuri ba.

Saura cokalin ƙarfe na marigayi babana,
wanda bakinsa ya zaizaye ta gefen hagu.
Ya fi na roba nauyi, na sani, na auna.
Na ajiye shi. Na ɗauka. Na sake ajiyewa.
Daga baya na cire batir biyu na ko-ta-kwana,
na soka shi a aljihun gefe, na kashe fitila.
Jatau ya ce da asuba, a bakin hanya.